Ƙoshiya: littafin aikin fim, daga Oktoba zuwa Janairu

6 ga Oktoba

An kammala daftari na biyu, shafi 104, fitowa 71. Sunan wucin gadi Ƙoshiya, wato ƙoshiyar saƙa mai ɗauke da zare. Ga ƙashin labarin yadda yake a yau, don wanda zai shigo aikin daga baya ya san inda aka tsaya.

Asabe tana da shekara 49, tana zaune a Rigasa, a garin Kaduna. Fim ya buɗe ranar da ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma bayan rasuwar mijinta Tanimu, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri. Autarta ta yi aure, gida ya koma daga ita sai rediyo. Wajen kwashe kayan ɗakin marigayi aka ci karo da kaset a ƙasan akwatin ƙarfe. Muryarsa ce, ya ɗauka a 2002, shekarar da aka rufe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL), kuma bai taɓa ba ta ba. A tsakiyar maganar, daidai inda ya ce "abu ɗaya nake roƙonki", sai murya ta yanke, muryar yarinya ta shigo tana rera karatun Islamiyya na sakan 40. 'Yarsu ce ta danna maɓallin ɗauka tana ƙarama, saboda ba a karya haƙoran kaset ɗin ba.

Mutum biyu ne za su iya sanin abin da aka danne. Akwai Sale, abokin aikin Tanimu, wanda shi ya riƙe rikodar a daren, kuma yanzu shi ke neman Asabe da zawarci. Akwai Laraba, maƙwabciyarta a Makera, Kirista, wadda ta ɓoye ta da 'ya'yanta kwana biyu a rikicin Fabrairun 2000, tun daga nan ba su sake haɗuwa ba. Ɗaya ta ƙaura arewacin kogi, ɗaya ta zauna a kudu, kamar yadda ya faru da gidaje masu yawa a garin nan.

Doka ɗaya muka kafa wa aikin: abin da ya wuce ta kunne yake shigowa. Duk inda Asabe za ta tuna baya, sauti ne zai riga hoto, wani wurin ma hoton ba zai zo ba sam. Kuɗi na cikin dalilin, don ba mu da halin sake gina Kakurin 1993. Amma babban dalilin shi ne waɗanda suka zauna a unguwar, in aka tambaye su, jiniyar canjin aiki suke fara ambata, da ƙarar kekunan ma'aikata da asuba.

19 ga Oktoba

An yi karatun zaune na farko, masu karatu takwas, da agogo a gefe. Shafi 104 ya cinye minti 131. Ƙa'idar nan ta shafi ɗaya minti ɗaya ba ta riƙe ba, kuma an gano inda lokacin ya tafi.

Na farko gaisuwa. A rubuce layi uku ce, a baki ta kai sakan 40, don babu Bahaushen da zai shiga gidan makoki ya ce "sannu" ya wuce. Fitowa 23 daga cikin 71 da gaisuwa suka buɗe. An yanke shawara a shiga goma sha takwas bayan an gama gaisawa, mutane na zaune. Biyar ɗin da suka rage an bar musu gaisuwarsu cikakkiya, saboda a cikinta maganar take. Misali fitowa ta 14, zuwan Sale na farko bayan takaba. Yana zaure, tana bayan ƙofa. "Hajiya, ya ƙarin haƙuri?" "Haƙuri sai ma'aiki, Malam Sale." "Ya yara?" Ya riga ya tambayi yara sau ɗaya. Tambaya ta biyu da ta uku su ne zawarcin, don ba shi da wata hanyar tsawaita tsayuwarsa. In aka datse wannan, an datse fitowar.

Na biyu waƙa. Shafi ɗaya na baitoci minti uku ne zuwa huɗu. Daga yanzu kowace waƙa za a rubuta tsawonta a gefen shafi.

An kuma gyara wani kuskure da ya tsallake idon kowa: a wurare huɗu Asabe ta kira mijinta da sunansa. Ba za ta yi haka ba. "Malam" ne lokacin da yake raye, "marigayi" ko "maigidan" bayan ya rasu. Ɗanta na fari ma ba ta faɗin sunansa. Laraba ce kaɗai ke kiranta da sunan ɗan, kuma wannan kiran zai yi aiki a ƙarshe.

2 ga Nuwamba

Makon duba zamani. An raba fitowar baya gida uku: 1993 shekarar aure, 2000, da 2002.

Kuɗi suka fi ba da wahala. Takardar naira 100 ta fito a Disambar 1999, don haka a Fabrairun 2000 sabuwa ce fil, ana iya sa wani ya juya ta yana kallo. Ta 200 sai Nuwambar 2000, ta 500 sai Afrilun 2001, ta 1000 sai 2005. A daftari Laraba ta danƙa wa Asabe ɗari biyar guda a daren rikici. An mayar da shi 'yan hamsin-hamsin a ƙullin zane. Wayar salula ta GSM ta shigo a Agustan 2001, saboda haka babu wanda zai kira wani a 2000. Wannan ya taimaki labarin, domin Tanimu yana aikin safe ranar Litinin 21 ga Fabrairu, kuma kwana biyu Asabe ba ta san ko yana raye ba. Motar da za a gani a titi Peugeot 504 ce, wadda aka riƙa haɗawa a Kakuri daga 1975. Babu Keke Napep a 1993, babu tankin roba a kan rufi, babu rumfar POS, babu farantin sola. An zaga layuka shida a Makera, ɗaya kawai aka samu da za a iya kafa kyamara ba tare da ɗayan waɗannan ya faɗo ciki ba, shi ma ta fuska ɗaya.

Tarihin masaƙa zai shigo ta bakin Sale, a taƙaice. An buɗe KTL a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Daga baya masaƙun Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo, unguwa ta cika da mutanen kowane yanki, Hausa ta zama harshen tsakar gida. A daftari Sale ya zayyano duk wannan cikin jawabi mai shafi ɗaya da rabi. An soke shi. Mutumin da ya yi shekaru a gaban inji ba lacca zai yi ba. Abin da ya rage layi biyu ne, sai kuma kunnensa na hagu da ya yi nauyi saboda ƙarar ɗakin saƙa, wanda ya sa kullum yake juyo da gefen dama in ana masa magana, yana kallon leɓen mai maganar.

17 ga Nuwamba

An shiga kiɗa. Waƙa huɗu ce a fim ɗin, kuma kowacce sai da aka nemo mata dalilin kasancewa a wurin. Babu inda jaruma za ta canza kaya ta tsinci kanta a lambu. Waƙar farko daga kaset take fitowa, Tanimu da gurminsa. Ta biyu kiɗan ƙwarya ne na mata a bikin 1993. Ta uku daga rediyo, cikin shirin gaishe-gaishe irin na Zaɓi Sonka. Ta huɗu Asabe ce ke rera waƙar farko a hankali tana tankaɗe, ba kiɗa.

Ba za a ɗauko tsohuwar waƙar kowa a sa a rediyon ba. Dokar haƙƙin mallaka tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, kuma magada na da haƙƙinsu. Sabuwa za a yi da salon lokacin, kalangu biyu da 'yan amshi uku.

Bugun waƙar Tanimu daga injin saƙa aka samo shi. Tsofaffin injuna masu ƙoshiya suna jefa ta wajen sau 180 zuwa 200 a minti. In aka raba biyu, tafi da dawowa su zama bugu ɗaya, an sami 90 zuwa 100. An tsaya a 96. Ma'anar ita ce mutumin da ya yi awa takwas cikin wannan ƙarar, in ya ɗauki gurmi da dare, hannunsa a kanta zai faɗa ko bai so ba. An gwada haɗa ƙarar injin a kwamfuta da bugun ƙarfe, ta fito tsaf kamar agogo, babu rai. Ɗakin saƙa injuna ne da yawa, kowanne da nasa saurin, suna haɗuwa suna rabuwa. An gyara ta hanyar jera sauti goma sha biyu, kowanne an ɗan kauce masa da bugu ɗaya zuwa uku a minti. Yanzu ƙarar tana kumbura tana sacewa, kuma daga cikinta gurmi ke ɓullowa.

Amshin da aka tsaya a kai:

In zare ya tsinke ba a yar da saƙa,
Ƙulli ake yi, ƙoshiya ta koma aiki.

An yi gardama a kansa. Wasu na ganin ya yi kama da karin magana, ya faɗi saƙon fim tun a minti na goma. Abin da ya cece shi shi ne a bakin Tanimu bayanin aiki ne kawai, abin da yake yi sau da yawa kowace rana. Sai a bakin Asabe, bayan awa ɗaya da rabi, zai ɗauki wata ma'ana.

Babbar matsalar makon ita ce karin sauti. An fara tsara karin waƙar a fiyano, sannan aka ɗora kalmomi, kuma nan aka yi kuskure. Baiti na biyu yana cewa "na bar gari da kuka". Karin ya ja gaɓar farko ta "gari", ya kuma sauko a ƙarshen "kuka". Gari na zama gaɓarsa ta farko gajeriya ce. In aka ja ta ya zama garin tuwo. Kuka na hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke. In ta biyu ta faɗo ya zama kukar miya. Mai sauraro na farko da aka kunna wa abin da ya ji ke nan, gari da kuka na cefane. Haka "wuya" a baiti na uku: ta wahala daga ƙasa take hawa, na jiki daga sama yake sauka, kuma karin ya bi na jiki. An rushe duka. Sabon tsari shi ne mawaƙi ya karanta baitin da bakinsa sau uku a hankali, mai kalangu ya maimaita shi a fata, sannan a ciro kari daga abin da kalangu ya faɗa. Fiyano ta zo ƙarshe ko kada ta zo.

8 ga Disamba

Kaset. An bar maganar kwaikwayon tsohon sauti a kwamfuta, za a ɗauki muryar Tanimu a kan kaset na gaske. An samo rikoda biyu wurin masu gyara, da kaset C-60 guda goma. C-60 minti 30 ne kowane gefe. An guji C-90 saboda zarensa ya fi siriri, tsohuwar rikoda na yawan tauna shi.

Gwajin farko ya lalace ta hanya uku. An ji gunji a ƙasan murya, na wutar lantarki ne mai zagaye 50 a sakan. Aka cire waya aka koma manyan batura, ya ɓace. Sauti ya fito a dushe. Aka goge kan rikodar da robar da ke jan zare da auduga da sifirit, aka bari ya bushe minti biyar, aka kuma ɗan juya ƙaramin sukurun da ke gefen kan har harafin "s" ya fito sarai. Na uku ya fi tsanani. Zaren kaset santimita 4.76 yake tafiya a sakan, amma bel ɗin rikoda ta farko ya saki. Abin da aka ɗauka da ita, in aka kunna a ta biyu, sai gurmi ya hau sama da kusan rabin mataki. A yawancin fitowa babu wanda zai lura. Amma a fitowa ta 58 Sale zai ɗauki gurmin marigayi ya bi kaset ɗin, kuma dole su daidaita. An canza bel, kuma daga yanzu kowane kaset za a fara shi da sautin gwaji mai zagaye 440 na sakan goma, don a san yawan gyaran da za a yi in an juye shi a kwamfuta. Batura ma sababbi a kowane ɗauka, domin in sun yi sanyi gudu na raguwa.

Danne murya da karatun yarinya shi ma da gaske za a yi shi, a danna maɓalli a kan kaset ɗin. Akwai 'yar ƙara da ɗan gibin da ke zuwa kafin sabuwar murya ta hau, kuma duk wanda ya girma da rikoda ya san su. Za a yi kwafi uku kafin a danne, a karya haƙoran biyu.

Hunturu ya shigo, fatar gurmi ta ɗaure, sauti yana hawa tsakanin safe da rana. A riƙa gyara tsirkiya kafin kowane ɗauka, a ajiye shi nesa da fitilu.

22 ga Disamba

An sake rubuta daren rikici, fitowa ta 39 da ta 63. Wannan ne wurin da fim zai tsaya ko ya faɗi.

Ba za a nuna gawa ba, ba za a nuna taron masu makami ba, ba za a sa wa kowane ɓangare fuska ba. Mutanen da za su kalli fim ɗin a Tudun Wada da Sabon Tasha da yawansu sun binne nasu, ba sa bukatar a zana musu. Kyamara tana cikin ɗakin Laraba, a kafe, tana kallon ƙofa daga ciki. Hoto ɗaya ne, minti biyu da sakan 20, kuma shi za a nuna sau biyu ba tare da canza komai ba. Sauti ne zai bambanta.

A fitowa ta 39, yadda Asabe ta riƙe shi: ana jin bugun ƙofarta daga waje, ana jin muryar mijin Laraba yana cewa kada a buɗe, bugu bakwai kafin a zare sakata. Shekara 24 tana ƙirga bugun nan. A ta 63, yadda Laraba ta riƙe shi: bugu biyu ne, abin da ya cika kunne shi ne jan gado da take yi don ta buɗe wurin ɓuya, kuma abin da mijin ke cewa shi ne a kashe fitila tukuna. Ita kuma abin da ke cinta daban ne. Da sojoji suka zo kwashe mutane, Asabe ta fita ba sallama, ba ta waiwayo ba, ba ta taɓa aiko da saƙo ba.

An so a ƙara fitowa ta uku da za ta nuna ainihin abin da ya faru. An ƙi. Da zarar fim ya ce ga gaskiya, ɗayarsu ta zama maƙaryaciya, alhali kowacce abin da tsoro ya bar mata ta riƙe. Don wannan dabara ta yi aiki, a wurin ɗauka bakin mijin kada ya shiga hoto, a bar shi a gefe ana ganin kafaɗarsa kawai. Motsin Laraba kuma a auna shi da agogo yadda zai dace da sautin biyu.

Hausar Laraba ita ma an zauna a kanta. Hausar kudancin gari ce, ba ta damu da bambanta "ya" da "ta" ba, ƙ da k duk ɗaya ne a bakinta. An saba amfani da irin wannan Hausar don a ba mutane dariya. A nan da ita za a faɗi magana mafi nauyi a fim ɗin, don haka jarumar da za ta hau matsayin sai wadda haka take magana tun asali. Ba za a sa wata ta kwaikwaya ba.

12 ga Janairu

An cire fitowar da Sale da Asabe suka haɗu a lambun Gamji kusa da gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru. Wurin yana da kyau a hoto, amma bazawara mai surukai ba za ta je lambu zance ba. Maganar ta koma zaure, sannan ta bi ta hannun yayanta. Adawar ɗanta na fari ita ma an rage mata ihu. Ba zai ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba. Zai ce "Umma, me muka rage ki da shi?", ya ƙara kuɗin cefane, ya sayo mata sabon firji. Amsarta, bayan dogon shiru: "Ba yunwa nake ji ba."

Daftari na uku ya sauko shafi 92, fitowa 66. Lambobin fitowa za a bar su yadda suke har a kulle rubutu, don kada takardun sauti su rikice.

Gwajin kyamara: hoto 25 a sakan, saboda wutarmu mai zagaye 50 ce, in aka ɗauka a 24 fitilun cikin ɗaki na iya rawa.  An ɗauko ƙahon jirgin ƙasan Abuja daga Rigasa da asuba, daga nesa, a wurare uku. Tashar ta fara aiki a 2016, don haka wannan sautin na yanzu ne kawai, kuma shi zai riƙa dawo da Asabe daga tunani. Jiniyar masaƙa ta kai ta baya, ƙahon jirgi ya dawo da ita.

30 ga Janairu

Saura maganar sakan 40 ɗin da aka danne a kaset. Sale ya ce abin da Tanimu ya faɗa shi ne ya bar ta amana a hannunsa. Yana iya zama gaskiya, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa amfana in an yarda. An rubuta masa fitowar yadda shi da kansa zai faɗi haka: "Hajiya, na san bakina bai isa shaida ba a nan." Laraba kuma ta ce Tanimu ya riƙa biyowa ta gidanta a kan hanyarsa ta zuwa aiki har aka rufe masaƙa, kullum yana cewa zai kawo Asabe, don haka roƙon bai wuce ta tsallaka kogi ba.

Ƙarshe biyu ne a kan tebur. A na farko Asabe ta amince da Sale bayan ta dawo daga wurin Laraba. A na biyu fim ya tsaya a ƙofar gidan Laraba, an bar maganar aure a buɗe. Na farko ya fi gamsar da masu karatu shida cikin takwas, amma yana sa tafiyar kudu ta zama kamar sharaɗin aure, ba don Laraba aka yi ta ba. Na biyu yana barin Sale a rataye bayan an sa mai kallo ya so shi. Ana gwada na uku: a kawo amsar Asabe ga Sale kafin ta tsallaka gada, kuma amsar kada ta dogara da kaset ko kaɗan. In haka ne, sai fitowa ta 58 ta matso gaba da shafi goma, waƙa ta huɗu ta koma cikin motar haya a kan gada, inda ƙarar inji za ta iya danne ta. Za a gwada ɗaukarta a mota ta gaske da ƙaramin makirfo a cikin mayafi, tagogi a rufe, a ji ko amshin zai fito.

Layin ƙarshe dai bai canza ba tun daftari na biyu. Ƙofa a rufe, Asabe ta yi sallama, daga ciki aka kira ta da sunan ɗanta na fari.

Karatun zaune na gaba kafin azumi, da tsofaffin ma'aikatan masaƙa huɗu da mata uku da suka zauna a Makera kafin 2000. Za a kunna musu ƙarar ɗakin saƙa ba tare da an gaya musu ko mece ce ba.